Hunturu Da Tsohon Inji

Mazauna ƙasashen ƙanƙara suna da wata damuwa da mu ba mu san ta ba. Magidanci a Kanada ko arewacin Amurka yakan ajiye tsohon injin wankinsa a garejin da ba a ɗumama shi. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri sifiri, sai ɗan ruwan da ya kwana a tiyo da cikin famfon injin ya daskare. Shi kuwa ruwa, idan ya zama ƙanƙara, girmansa yana ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin 100. Sabuwar roba takan ɗan miƙe ta jure, tsohuwa wadda ta bushe sai ta tsage, ba kuma za a ga ɓarnar ba sai ƙanƙarar ta narke, ruwa ya malale garejin. Shi ya sa masu lura suke cire tiyo su tsiyaye injin kafin sanyi ya shigo. Ga mai sayen injin wanki na gwanjo a Kano kuwa, shawarata ya sa a zuba masa ruwa a gwada a gabansa, domin kunna wuta kaɗai ba ya nuna tsaga.

Mu a Ɗambatta ruwa ba ya daskarewa. Sanyin asubar Disamba da Janairu yakan tsaya ne a wajen digiri 12 ko 13. Amma wanda ya ce hunturunmu ba ya taɓa inji, bai taɓa tsayawa a rumfar mai niƙa da sassafe ba, ga yara sun jera robobin gero da masara, shi kuma yana ta juya hannun injin, gumi na keto masa cikin sanyi.

Dalilin ba boyayye ba ne. Injin gas ba shi da fulogi. Fistin ne yake matse iska har ta ɗauki zafin da ya haura digiri 500, sannan man ya kama da kansa. Idan ƙarfe ya kwana yana shan sanyi, zuƙe wannan zafi yake yi. Baƙin mai kuma ya yi kauri, injin ya yi nauyin juyawa, in mai batir ne ƙarfin batirin ma ya ragu. Lafiyayyen inji yakan haye duk wannan ya tashi. Wanda ringinsa ya cinye, iska na zurarewa ta gefen fistin, shi ne yake tari yana hayaƙi ya ƙi.

To me ya cinye ringin? A nan nake ganin muna ɗora wa sanyi laifin da ba nasa ba. Ƙurar da iskar hunturu take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta fi gari laushi, amma a cikin inji aikin dutsen wasa take yi. Matatar iska ce ke tare ta. Sau nawa na ga injin ban ruwa a bakin Dam ɗin Tomas yana aiki babu matata, an cire ta don ta toshe, ba a kuma mayar da wata ba? Ƙurar ta shiga, ta gauraya da baƙin man da aka daɗe ba a canja ba, ta yi ta gugar ƙarfe rani da damina. Sanyi zuwa kawai ya yi ya tona asiri.

Magungunan da muke yi sun fi ba ni tsoro. Wani ya hura wuta ƙarƙashin inji, kusa da tankin mai, a cikin rumfar kara. Wani ya tsiyaya fetur a bakin iskar injin gas. Zai tashi kam, amma da bugun da ke ƙara lalata fistin da ringi. Alhali tsohon buhu da za a lulluɓe injin da shi da dare, da canja baƙin mai a watan Nuwamba, da wanke matata duk mako, ba su kai kuɗin sauke inji sau ɗaya ba.

Lokacin ma shi ne mafi muni. Alkama tana son sanyi, don haka tsakiyar hunturu ne manomin rani ya fi bukatar injinsa. Kwanaki kaɗan na rashin ruwa suna iya tauye amfanin gona, ga shi tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kowace lita da tsohon inji ya sha a banza ana jin ta a aljihu.

Muna da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a nan garin, muna kuma da kasuwar Lahadi da ke tara manoma da masu niƙa daga ƙauyuka. Ina roƙon kwalejin ta fito da ɗalibanta bakin kasuwa Lahadi biyu ko uku kafin sanyi ya kankama, su kwance tsohon inji guda a idon jama'a, a ɗora cinyayyen ringi kusa da sabo, kowa ya taɓa da hannunsa.