Shingen Takarda Tsakanin Talaka Da Akwatin Zaɓe

Ran 10 ga Afrilu, 2025, Majalisar Wakilan Amurka ta amince da wani shirin doka da ake kira SAVE, da ƙuri'a 220 a kan 208. Manufarsa ita ce kada a rubuta sunan kowa cikin rajistar zaɓen tarayya sai ya kawo takardar da ta tabbatar shi ɗan ƙasa ne, watau fasfo, ko takardar haihuwa haɗe da katin shaida mai hoto, ko takardar zama ɗan ƙasa. Cikin waɗanda suka tsaya kai da fata suka ce ba su yarda ba har da Terri Sewell, 'yar jam'iyyar Dimokurat, wakiliyar mazaɓa ta bakwai ta Jihar Alabama. An rinjaye ta a ranar, amma mu a ganinmu ita ce ke da gaskiya, kuma ya kamata 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata su san dalili.

Da farko dai mu ba masu shirin haƙƙinsu. Hujjarsu ita ce zaɓe na 'yan ƙasa ne, baƙo ba shi da ta cewa a ciki, kuma mai gaskiya ba ya tsoron a ce ya nuna shaida. Wannan magana tana da daɗin ji, babu kuwa mai hankalin da zai so baƙi su zaɓar masa shugaba. To, amma ba a auna doka da daɗin sunanta. Abin tambaya shi ne, mutum nawa za ta kama, mutum nawa kuma za ta kora ba da laifinsu ba?

Tun 1996 dokar tarayya ta mai da jefa ƙuri'ar baƙo a zaɓen tarayya laifi, wanda ke iya jawo ɗauri da kora daga ƙasa. Da Jihar Jojiya ta bincika rajistarta a 2024, mutum 20 ta samu waɗanda ba 'yan ƙasa ba, cikin masu rajista fiye da miliyan 8. Jihar Kansas kuwa ta riga ta gwada irin wannan doka tun daga 2013. Cikin 'yan shekaru kaɗan ta tare rajistar mutum fiye da 30,000, alhali baƙin da aka tabbatar sun yi rajista ko sun yi yunƙurin yi cikin shekara 19 ba su kai ɗari ba. A 2018 kotun tarayya ta soke dokar. Ashe an bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Su wane ne takarda ke kora? Kusan rabin Amurkawa ba su da fasfo, lasin tuƙin da yawancinsu ke yawo da shi kuwa ba ya nuna ko mutum ɗan ƙasa ne. Wani bincike da Cibiyar Brennan da abokan aikinta suka bayyana a 2024 ya ƙiyasta 'yan ƙasa fiye da miliyan 21 ba su da waɗannan takardu kusa da hannu. Sa'an nan ga matan aure. Al'adar can ita ce mace ta ɗauki sunan mijinta, saboda haka miliyoyin mata sunan da ke kan takardar haihuwarsu dabam, wanda ke kan katinsu dabam. Shirin ya ce jihohi su tsara yadda za a warware irin wannan, amma ya kuma tanadi hukunci ga ma'aikacin zaɓen da ya rubuta wanda bai kawo shaida ba. Duk wanda ya taɓa zama bayan tebur a ofis ya san abin da akawu zai yi in an ce kuskure ɗaya na iya kai shi gaban alƙali. Da ya ga alamar shakka sai ya ce, "Je ki, ki dawo." Mai mota da dukiya za ta dawo. Wadda za ta yi asarar ladan yini guda, ta kuma biya kuɗin mota zuwa hedikwatar gunduma, da wuya a sake ganinta.

Masu iya magana sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Terri Sewell an haife ta a 1965, ta kuma girma a garin Selma. A farkon wannan shekara, baƙar fata da suka isa zaɓe a gundumar Selma sun kai kimanin 15,000, amma masu rajista cikinsu ba su kai 400 ba. Babu dokar da ta fito fili ta ce baƙi ba za su yi zaɓe ba. Abin da aka yi shi ne jarrabawar karatu, da harajin zaɓe, da ofishin rajista da ba ya buɗewa sai kwana biyu a wata. Ran 7 ga Maris, 1965, mutum kamar 600 suka fito tattaki don neman haƙƙinsu, 'yan sanda suka far musu da kulake da barkonon tsohuwa a kan gadar Edmund Pettus, har aka fasa wa John Lewis ƙoƙon kai. Wannan jini ne ya haifi Dokar 'Yancin Zaɓe da Shugaba Johnson ya sa wa hannu ran 6 ga Agusta, 1965.

Ƙashin bayan waccan doka shi ne sharaɗin da ya tilasta wa jihohin da suka yi suna wajen wariya su nemi iznin gwamnatin tarayya kafin su sauya dokar zaɓe. A 2013 Kotun Ƙoli, alƙalai biyar a kan huɗu, ta karya wannan sharaɗi a wata shari'a da ta taso daga gundumar Shelby, cikin Alabama ɗin dai. A 2014 jihar ta fara tilasta nuna kati mai hoto a rumfar zaɓe. A 2015 kuma ta ba da sanarwar rufe ofisoshin lasin tuƙi 31, da yawa daga cikinsu a gundumomin da baƙar fata suka fi yawa. An ce ka kawo kati, an kuma rufe ɗakin da ake ba da katin. Sewell ta nemi Ma'aikatar Shari'a ta tarayya ta bincika, kuma da surutu ya yi yawa sai aka koma buɗe ofisoshin kwana ɗaya a wata. Ita ce kuma ta gabatar da shirin doka mai sunan John Lewis don maido da sharaɗin da kotu ta karya. Ya wuce Majalisar Wakilai a 2021, ya maƙale a Majalisar Dattijai.

Haka nan matsayinta yake a kan wasu al'amura. A Yulin 2025 ta ƙi amincewa da babbar dokar haraji da kasafi wadda ta rage kuɗin jiyyar talakawa da taimakon abinci, ta kuma sharɗanta wa da yawa daga masu cin moriyar jiyya su riƙa nuna shaidar aikin awa 80 a wata. Jihar Arkansas ta gwada wannan a 2018, mutum kamar 18,000 suka rasa jiyya cikin 'yan watanni. Dabarar dai guda ce: ba a ce maka babu, sai dai a tara maka takardu har ka gaji ka haƙura.

Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar Amurka? Ruwanmu kuwa, domin daga can muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko a 1979, kuma 'yan siyasarmu ba sa gajiya da kafa hujja da ita. Bayan haka, mu ma mun san ɗacin shinge. Matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba. A zaɓen 2023 mutum miliyan 93 ne suka yi rajista, amma katin fiye da miliyan 6 yana kwance a ofisoshin hukumar zaɓe ba a karɓa ba. In yau aka ce sai da takardar haihuwa za a yi rajista, iyayenmu nawa ne a ƙauye za su iya fito da ita? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ba mu ce a bar rajista sakaka ba. Hukuma ita ke riƙe da littattafan haihuwa da na shige da fice, ita ke da ma'aikata da kwamfuta, saboda haka ita ya kamata ta ɗauki nauyin tantancewa, ta hukunta wanda ta kama da maguɗi. Ɗora wannan kaya a kan talaka, zalunci ne da aka yi wa rawani da sunan doka.

Har 2025 ta ƙare shirin SAVE bai zama doka ba, domin a Majalisar Dattijai sai da ƙuri'a 60 ake rufe muhawara, 'yan Rifablikan kuwa kujera 53 gare su. Da marasa rinjaye sun yi shiru don sun san za a kayar da su a majalisa ta farko, da an wuce wurin tuni. Wannan shi ne abin da muke nema ga wakilanmu na Abuja: duk ranar da aka kawo gyaran dokar zaɓe, su tambayi wa zai shiga, wa za a bari a waje, su kuma jefa ƙuri'arsu a fili mu gani. Mu kuwa da gobe za mu zauna a teburan rajista da ofisoshin hukuma, mu tuna cewa tsohuwar da ke tsaye a layi tun asuba 'yar ƙasa ce tun kafin a buga takardar da muke tambayarta.