Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Cibiyar Binciken Aikin Gona Ta Samaru

Maƙasudin wannan takarda shi ne waken SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019, wanda aka dasa wa ƙwayar halitta mai kashe tsutsar kwanso, da masarar TELA ta 2024.

Ba na shakkar iliminku. Amma al'ummar da ba ta manta gwajin maganin Trovan a kan yaran Kano a 1996 ba, wadda kuma shubuha ta sa ta ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, da wuya ta natsu da hujjar da aka rubuta da Turanci aka adana a ofis. Uwargida na tsaye a kasuwar Dawanau ana auna mata tiyar wake, ba ta da hanyar sanin irin da ke cikin buhu, alhali raɗe-raɗin cewa yana hana haihuwa ya riga ya shiga kunnenta.

Ina roƙonku, don girman amana, ku bayyana sakamakon gwaje-gwajenku dalla-dalla da Hausa a rediyo, ku zauna da malaman addini da sarakunan noma, ku kuma nemi hukuma ta sa alama a buhuna.

Wassalam.