Saurin Kod Ba Ya Miƙar Da Ƙafar Da Ta Shanye

Tun ranar da Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, ta ba kamfanonin inshorar lafiya na HMO umarnin cewa daga 1 ga Afrilun 2025 kada neman kod ɗin amincewa da jinya ya wuce sa'a ɗaya ba a ba asibiti amsa ba, ake ta tafi ana guɗa. Masu sharhi a rediyo sun yaba, 'yan ƙwadago sun gyaɗa kai, kowa na cewa an kashe bakin tsanya. Ni ban ga abin tafi ba. Kuma ina da yaƙinin yawancin masu tafin nan ba su taɓa cicciɓar mai shanyewar ɓarin jiki sun sa shi a adaidaita sahu sun kai shi sashen gashin ƙashi ba.

A koma a karanta umarnin a tsanake. Amsar da aka ce a bayar cikin sa'a ɗaya ta haɗa har da ƙin amincewa. Kamfani zai iya cewa a'a cikin minti arba'in, ya kawo dalilinsa, ya cika doka cif. Abin da aka gyara shi ne tsawon zaman da marar lafiya zai yi a kan benci yana jiran hukunci. Hukuncin kansa ba a taɓa shi ba. Ga mai zazzaɓi da ke jiran gwajin jini, wannan sauƙi ne, ban musa ba. Amma ga wanda lafiyarsa ta rataya a kan gashi, ciwon yana wani wuri dabam: yana cikin adadin zaman da aka yanka masa tun kafin ya kwanta ciwo, tun kafin wani ya ɗaga hannunsa ya ga ko yatsun suna motsi.

Duk wanda ya taɓa buɗe takardar tsare-tsaren da kamfanonin nan ke sayarwa ya san yadda abin yake. A gaban gashin ƙashi za ka ga an rubuta zama kaza a shekara, ko naira kaza ba ƙari. Ƙaramin tsari 'yan zama ƙalilan, wanda ya fi shi tsada a ɗan ƙara, na manyan daraktoci a saki hannu. Wato dai jijiyar masinja da ta manaja ba lokaci ɗaya suke farfaɗowa ba a lissafin kamfani. Wane littafin likitanci ne ya faɗi haka? Wanda ya zauna a ofis a Legas ko Abuja ya rubuta biyar ko shida, da wane ma'auni ya auna? Bai ga marar lafiya ba, bai san shekarunsa ba, bai san ko targaɗe ne ko karayar cinya ko jini ne ya fashe a ƙwaƙwalwa ba. Kuɗi kawai ya duba ya raba.

Ra'ayin da ya yi kaka-gida a ƙasar nan, har a bakin wasu likitoci, shi ne gashi ƙari ne a kan magani, ɗan tausa ne da ɗumama jiki da ake yi wa mutum bayan an gama ainihin aiki. Daga wannan gurguwar fahimta aka haifi iyakar zama. Gashi magani ne sukutum, sai dai ba a haɗiye shi sau ɗaya a tashi. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, mafi yawan abin da zai dawo masa na motsi yana dawowa ne cikin watanni uku zuwa shida na farko, lokacin da ƙwaƙwalwa ke neman sababbin hanyoyin aika saƙo zuwa hannu da ƙafa. Hanyoyin nan ba sa samuwa sai da maimaici: a kama cokali a saki, a tashi daga kujera a zauna, a taka a sake takawa, sau ɗaruruwa. Shi ya sa hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a 2023 ya kamata mai irin wannan lalura, in jikinsa zai ɗauka, ya samu aƙalla sa'a 3 ta horon farfaɗowa a rana, kwana 5 a mako. Abin da ake so ya samu a mako guda a can ya fi abin da ƙaramin tsari ke ba mutum a shekara a nan.

In aka tsaya fa? Gaɓa takan sandare. Yatsu su dunƙule cikin tafin hannu har a kasa buɗe su a wanke. Kafaɗar da ta shanye ta zazzago daga mazauninta saboda nauyin hannu, ta riƙa ciwon da ke hana barci. Agara ta ɗaure, dunduniya ta daina taɓa ƙasa. Wanda ya daɗe kwance a gefe ɗaya, gyambon kwanciya ya ɓulle masa a ƙugu. Waɗannan abubuwa ba sa jiran sabuwar shekarar inshora ta kama. Makon da aka rasa a farkon jinya ba a rama shi a wata na takwas.

Ba tsofaffi kaɗai ba ne. Akwai jaririn da aka ja wa kafaɗa wajen haihuwa hannunsa ya saki. Akwai yaron da aka yi wa allura a ɗuwawu aka taɓa jijiya ƙafarsa ta riƙa ja. Akwai wanda shawara ta taɓa wa ƙwaƙwalwa yana ɗan kwana biyar, wanda zai buƙaci gashi shekara da shekaru kafin ya iya zama da kansa. Akwai ɗan acaɓan da aka sa wa ƙarfe a cinya a asibitin ƙashi irin na Dala, wanda in ba a lanƙwasa masa gwiwa a kan kari ba, zai warke da ƙafa miƙaƙƙiya, ba ya iya tsuguno, ba ya iya zaman tahiya. Wannan na ƙarshe shi ya fi ba ni takaici. Inshora ta biya kuɗin tiyata mai tsada, sannan ta maƙale hannu a kan gashin da zai sa tiyatar ta yi amfani. Mutum ne ya gina gida har linta, aka zo rufi ya ce kuɗin kwano ɓarna ne.

Sai kuma wahalar neman kod ɗin kanta, wadda sa'a ɗayan nan ba ta rage mata komai ba. Gashi yana cikin kulawar mataki na biyu, don haka ba a shiga sai da takardar turawa daga asibitin da mutum ya yi rajista, sannan da kod daga kamfani. Idan zaman da aka amince ya ƙare, sai ma'aikacin teburin inshora ya ɗago kai ya ce, “Hajiya, ku yi haƙuri, kod ɗin Baba ya ƙare, sai kun koma kun karɓo wata takardar.” A koma asibitin farko, a ciro kati, a bi layin likita, ya rubuta abin da ya riga ya rubuta makonni biyu da suka wuce, a dawo, a jira a aika, a jira amsa. In an dace a samu zama biyu ko uku. A sake zagayen. Duk wannan da mutumin da ba ya iya tsayuwa, wanda sai an nemo matasa biyu a unguwa sun ɗauko shi, sai an yi shatar abin hawa, sai 'yarsa ta bar makaranta ko matarsa ta rufe sana'arta ranar. Ina iyalin da za su jure wannan wata uku? A zagaye na uku ko na huɗu suke sarewa su ce an bar wa Allah. A littafin kamfani kuwa za a rubuta cewa marar lafiya bai ƙara nema ba. Tsarin yana cin riba da gajiyar mutane, kuma ban yarda masu shi ba su san haka ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce in ba iyaka asibitoci za su yi ta cika takardun bogi. To a je a kama masu bogin mana. Kamfani yana da masu bincike, hukuma tana da ikon soke rajistar asibiti. Don wani akawu ya ƙara sifili a takarda sai a hukunta tsohuwar da ke koyon riƙe buta? Kuma wa ya taɓa ganin mai lafiya yana zarya asibiti don a murɗa masa gwiwar da ta sandare har hawaye ya zubo? Gashi ba abin marmari ba ne da za a ce mutane za su yi rububinsa. Za a kuma ce kuɗin asusun ba su da yawa. Wannan waƙar mun ji ta tun 2005 da aka ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS. A 2025 hukumar ta ƙara kuɗin da ake biyan asibitoci ƙari mai yawa, ta kuma yi shelar hakan. Ina shelar da ta ce an ƙara wa mai shanyewar jiki ko da zama ɗaya? Mai lissafin ƙwarai ma ya san kuɗin zaman gashi goma bai kai kuɗin kwantar da mutum mako biyu ana wanke masa gyambon kwanciya ba.

Abin haushin shi ne can inda muka kwaso tsarin sun gwada wannan iyakar sun ga illarta. Tsarin HMO a Amurka ya yi ƙarfi, bayan dokar 1973 ta zamanin Nixon. A 1997 majalisarsu ta sa wa gashin da shirin Medicare ke biya wa tsofaffi rufin dala 1,500 a shekara. Shekara ashirin ana dambarwa, ana dakatar da dokar, ana buɗa mata ƙofofin togiya, har aka soke rufin a 2018. A 2013 kuma, a shari'ar da aka sani da sunan Jimmo, gwamnatinsu ta amince cewa ba za a yanke wa mutum gashi don kawai ba ya samun ci gaba ba, matuƙar gashin ne ke hana jikinsa lalacewa. Har gobe kamfanonin inshorarsu na wahalar da mutane da neman izini, ba na wanke su. Amma mu mun ɗauko cutar mun baro musu ɗan maganin da suka samo.

Wannan ya dawo da ni kan tsohuwar rigimar da aka binne ba a yi mata wanka ba. Lokacin da Farfesa Usman Yusuf ya karɓi ragamar NHIS a 2016, ya fito fili ya tambayi amfanin waɗannan 'yan tsakiya da ke karɓar kuɗi daga hukuma su riƙe, asibitoci na kukan bashi, marasa lafiya na kukan wulaƙanci. Kowa ya ga yadda aka ƙare. Ministan lafiya Isaac Adewole ya dakatar da shi a 2017, Shugaba Buhari ya maido shi a farkon 2018, hukumar gudanarwa ta sake dakatar da shi, a 2019 aka sallame shi. Mutum na iya ƙin salon Farfesan, yana iya cewa a bar zarge-zargen da aka yi masa su bi hanyarsu, wannan dabam. Tambayar da ya yi dai tana nan ba wanda ya amsa. Kamfanin da ribarsa ke ƙaruwa duk lokacin da ya ce a'a, ta yaya aka ba shi alƙalancin cewa i ko a'a? An sauya doka a 2022, NHIS ta zama NHIA, an ce inshora ta zama tilas a kan kowane ɗan ƙasa, an yi alƙawarin asusun marasa galihu mutum miliyan 83. An sauya allon ƙofa, mai riƙe da kod ɗin bai sauya ba.

Su kuma shugabannin ƙwadago, da ake cewa an yi shirin don mambobinsu da matansu da 'ya'ya huɗu, sai ka ji su a kan kuɗin mai da mafi ƙarancin albashi, amma ban taɓa jin sun rufe ƙofar wata ma'aikata don an yanke wa malamin firamare gashi ba. Hawan jini na kayar da ma'aikata a kan tebur, ba sai an kawo ƙididdiga ba, kowace unguwa akwai gidan da ake jinyar irinsa. Ƙungiyar masu gashin ma ta fi ƙarfin murya a kan matsayi da alawus a rikicinta da likitoci. Da rabin wannan ƙarfin aka sa a kan iyakar zama da tuni an sake magana.

Ina marasa lafiyar suke tafiya in kod ya ƙare? Mai hali ya biya daga aljihu, a ƙasar da dama sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin jinya daga aljihun mutane yake fitowa. Marar hali ya koma wajen mai lasifika a bakin kasuwa da ke rantsuwar yana warkar da shanyewar jiki cikin kwana bakwai, ko a sa wani ya riƙa fizgar kafaɗar da ta zazzago da sunan tausa har ya ƙarasa ta. In mutum ya nakasa sai a ce jahilcin iyali ne. Iyalin nan asibiti suka fara zuwa, da katinsu a hannu, aka juyo da su.

Kafin a gyara, ga abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni. Tun zaman farko ku roƙi mai gashi ya rubuta cikakken tsarin jinya, da yawan zaman da yake ganin ana buƙata da dalilinsa, a aika da shi tare da neman kod. Ku fara neman sabon kod tun saura zama biyu. In an ƙi, ku ce a ba ku ƙin a rubuce da sunan wanda ya yanke, ku kai ofishin NHIA na jiharku, ku ajiye kwafi. Kuma a samu mutum ɗaya a gida da zai tsaya a kowane zama ya koyi yadda ake juya marar lafiya, da yadda ake tallafe kafaɗa, da motsin da za a riƙa yi safe da yamma.

Wannan duk dabarar tsira ce, nauyin yana kan hukuma. Dakta Kelechi Ohiri, shugaban NHIA, tunda ka iya sa wa kamfanoni agogo, kana iya hana su yanka adadi a kan cututtukan jijiya da bayan tiyata. A ba da kod ɗaya da zai rufe tsarin jinyar da mai gashi mai rajista ya rubuta, a duba ci gaban bayan wata guda, kuma wanda zai ce a tsaya ya zama mai gashi ne da ya karanta fayil ɗin ya sa hannu da sunansa. Sannan a tilasta wa kowane kamfani ya riƙa buga yawan neman gashin da ya ƙi a kowane wata uku, jiha-jiha, don ma'aikatun da ke zaɓa wa ma'aikatansu kamfani su san wanda suke miƙa wa mutanensu.