Hasashen Kwamfuta da Ƙwayoyin Gadon Ƙiba: Gani Ya Kori Ji

Kitsen jikin ɗan'adam iri biyu ne. Farin kitse rumbu ne, yana adana abin da jiki bai ƙona ba. Kitse mai ruwan ƙasa kuwa yana ƙona abinci ya mayar da shi ɗumi ta hanyar sinadarin UCP1. An daɗe ana ɗauka cewa amfaninsa ya tsaya ga jarirai, sai a 2009 bincike uku daga Boston da Maastricht da Turku suka nuna yana aiki a wuya da kafaɗun manya. Tun daga nan masana suka duƙufa neman ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da shi, da fatan samun maganin ƙiba.

Ƙwayoyin gadon da ke samar da furotin sun kai kimanin 20,000, gwada su ɗaya bayan ɗaya kuwa aiki ne na shekaru. Shi ya sa ake ba kwamfuta bayanan dubban samfura ta auna, ta jera waɗanda suka fi cancantar a bincika. Wannan jeri abin yabo ne, amma zato ne mai ƙarfi, kuma ya kamata a riƙa kiransa da sunansa.

Tarihin FTO ya isa misali. A 2007 aka danganta wannan yanki da ƙiba, aka kuma ɗora laifin a kan ƙwayar FTO kanta. A 2015 ayarin Melina Claussnitzer da Manolis Kellis suka nuna cewa sauyin da ke wurin yana tayar da IRX3 da IRX5, waɗanda ke karkatar da ƙwayoyin kitse daga ƙonawa zuwa adanawa. Lissafi ne ya nuna musu wurin, amma maganar ba ta tabbata ba sai da suka gyara harafin da fasahar CRISPR, ƙonawar ta dawo.

Akwai kuma matsalar abin da aka ciyar da kwamfutar. Fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka yi nazarin ƙwayoyin gadonsu a manyan bincike 'yan asalin Turai ne, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin gado. A 2017 ayarin Charles Rotimi ya gano wani sauyi a SEMA4D mai alaƙa da ƙiba a tsakanin 'yan Afirka, wanda ba a same shi ga Turawa ba. Manhajar da ba ta taɓa ganin irinsa ba, ba za ta yi hasashensa ba.

Don haka hasashen da za a dogara da shi wajen yi wa mutumin Kano ko Damagaram magani sai ya cika sharuɗɗa biyu: a gina shi da bayanan al'ummar da za a yi wa aiki da shi, sannan a tabbatar da shi a ɗakin gwaji. Shirin H3Africa ya tara wasu daga irin waɗannan bayanai. Ya rage ga jami'o'in yankin su shiga da samfura da masanansu tun a matakin tattarawa.