A Tausaya Wa Gwiwar Mai Ciki

Idan Bahaushe ya ce mace tana kan gwiwa, kowa ya san naƙuda ake nufi. Sai dai wahalar gwiwar mai ciki tana farawa ne watanni kafin wannan rana, kuma da yawa daga cikinmu ba mu kula ba.

A gwiwa ƙasusuwa uku suke haɗuwa: ƙashin cinya, ƙashin ƙwauri da ƙoƙon gwiwa. Guringuntsi ya lulluɓe bakinsu don kada su goga juna, akwai ruwa mai yauƙi da ke sa su motsa cikin sauƙi, sannan manyan jijiyoyi huɗu suna ɗaure da su. Lokacin goyon ciki, mace takan ƙara nauyin kilo 10 zuwa 12, kuma duk kilo ɗaya gwiwa tana jin sa kamar kilo 3 zuwa 4 a kowane taku. Haka kuma jiki yana fitar da sinadarin da ke sassauta jijiyoyi don buɗe hanyar haihuwa, wanda yakan shafi sauran gaɓoɓi. Ga kaya ya ƙaru, ga ɗauri ya yi sako-sako.

A ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, mai cikin wata takwas ita ce da ɗiban ruwa, surfe, tsugunno gaban murhu, ga goyo a baya. In ta ce gwiwa na ciwo, sai a ce son jiki ne. A ganinmu wannan kuskure ne. Maigida da uwar miji, ku rage mata ɗaukar kaya masu nauyi, a samo mata kujera ta zauna wajen girki da wanki. Tafiya kaɗan-kaɗan kullum tana da amfani, ba a ce ta kwanta ba.

Babban haɗarin shi ne sayen maganin ciwon jiki a kemis ko wurin masu talla. Irin su diclofenac da ibuprofen suna iya cutar da ƙodar jariri, su rage ruwan da yake kwance a ciki, musamman daga mako na 20. A tambayi ma'aikacin lafiya tukuna.

A garzaya asibiti ba tare da jiran ranar awo ba idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, domin mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiya. Haka in kumburi ya kai fuska da hannuwa, tare da ciwon kai ko gani dishi-dishi, alamar hawan jini ce da kan kai ga jijjiga. Babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa ya fi kusa da ku, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar zuwa awo sau takwas. 'Yar'uwa, duk zuwan da kika yi, ki faɗi abin da ke damunki, ko da gwiwa ce. Allah Ya sauke ku lafiya.