Guɗar da muka yi da wuri

Gidan hayar da muka zauna a unguwar Adjamé ɗaki goma sha biyu ne a tsakar gida ɗaya, rabinmu mutanen Maraɗi da Tawa, mazanmu na sayar da abincin garba ko suna dako a kasuwa. A nan matar ƙanena ta durƙusa haihuwar fari da tsakar dare, ta cije bakin zane don kunya har yaro ya faɗo. Gwaggo ta rangaɗa guɗa, aka ɗora ruwan zafi. Ni ma jinjirin na sa wa ido, ban waiwayi mai jego ba.

Can Gwaggo ta ce, "Ku fa uwa ba ta biyo ba," wato mabiya. Sai muka shiga yin abin da muka gada. Aka ba mai jego kwalba ta hura, aka zura mata muciya a maƙogwaro don ta yi yunƙurin amai, aka zuba barkono a garwashi ko atishawa za ta turo mabiyar. Wata tsohuwa ta naɗe cibiya a hannu za ta ja, Allah ya sa Gwaggo ta buge hannun. Jini kuwa yana ta tsiyaya, muna canza tsumma muna cewa dattin ciki ne ke fita. Wannan magana ita ke ci mini rai har yau.

Sai da leɓen mai jegon ya yi fari, ta ce, "Yaya, duhu nake gani," sannan aka yanke cibi, ƙanena ya ruga neman tasi. Muka ratsa unguwar Plateau, muka haye gadar Houphouët-Boigny zuwa babban asibitin Treichville, kanta a cinyata, ina kiran sunanta ba ta amsawa. Ungozoma ta sa safar hannu mai tsawo ta ciro mabiyar, aka ƙara mata jini leda biyu. Allah ya yi da sauran kwana.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Mabiya manne take da bangon mahaifa, kuma gab da haihuwa jinin da ke zuwa mahaifa a minti ɗaya ya kai wajen rabin lita. Idan ta saɓule, jijiyoyin wurin a buɗe suke, mahaifa ce ke tsukewa ta danne su. Muddin mabiyar ko ɗan guntunta na ciki, tsukewar ba ta cika. Shi ya sa in an wuce rabin awa shiru, magana ta koma ta asibiti. Jan cibiya da ƙarfi kuma yana iya tsinke ta, ko ya juyo da mahaifar waje.

Allurar oxytocin da ake yi wa mace a cinya da zarar yaro ya fito, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta jaddada a 2012, aikinta ke nan: ta sa mahaifa ta tsuke. A 2023 kuma aka fitar da sakamakon wani bincike a asibitoci 80 na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da hannun Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a ciki. Leda mai ma'auni suka riƙa shimfiɗa wa mai jego don a ga yawan jinin da ido, a fara magani nan take, sai mummunan zubar jini ya ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Mu da tsummokaranmu ta ina za mu auna?

A ranar da muka je asibitin, ungozomar ta baje mabiyar a faranti, ta juya ta gaba da baya tana duba ko wani ɓangare ya rage, sannan ta ƙulle a leda ta miƙa wa Gwaggo. Tsakar gidanmu siminti ne, sai da Gwaggo ta fasa wani lungu bayan makewayi ta binne ta. Da ta miƙe ta karkaɗe hannu, a lokacin ne ta ce mini, "To yanzu an sauka."