Manomin da ya ce wa Trump a'a

Kai da kullum kake rubuta "talaka ba shi da ta cewa" a Facebook, tsaya ka ji. A 2006 Donald Trump ya sayi filin Menie a gaɓar tekun Scotland don gina filin golf. Wani manomi a wurin ya ce gonarsa ba ta sayarwa ba ce, ko nawa ne. Trump ya kwatanta gidansa da juji, bai gusa ba.

Gaskiya attajirin ya samu yadda yake so. Kwamitin ƙaramar hukuma ya ƙi aikin a 2007, gwamnati ta amince a 2008. Ayyuka 6,000 da aka yi alkawari kuwa, shiru kake ji. Amma gonar nan ba ta shiga hannunsa ba, kuma ni wannan nake kallo.

Ranar da dillali ya zo taya gonar kakanka, rubutu za ka yi ko tsayawa?